Dillalin da ya samo mana gida a Rijiyar Zaki: abin da na gani a hannunsa

Ofishin nasa shago ɗaya ne a gefen titin Gwarzo, idan ka wuce gadar ƙasa ta Kabuga ka miƙa yamma. Benci biyu a waje, tebur ɗaya a ciki, sai allon katako jingine da bango, an rubuta da alli: ciki da falo a Ɗorayi, ɗaki biyu da falo a Janbulo, shago a Tudun Yola. A jikin ƙusoshi akwai makullai ɗaure da tsumma kala-kala, kowane tsumma da gidansa. A kan bencin nan na fara zama wata Asabar cikin watan Yunin 2023, kuma daga nan aka kai ni gidan da nake ciki yau da iyalina. Na biya haya sau uku ke nan, an yi daɗi an yi saɓani, shi ya sa nake ganin yanzu ina da bakin faɗin yadda aikin dattijon nan yake. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma mutum ne da nake durƙusa wa in gaisar. Baba nake ce masa. Shi kuma har yau ango yake kirana, ga shi 'yarmu ta fara tafiya.

An sa ranar aurena mako shida bayan Babbar Sallah. A Kano kowa ya sani, namiji ne ke neman muhalli, dangin amarya su zo su gani, su auna tagogi da wajen gado, sannan a yi jere. Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, atamfa da leshi muke sayarwa, abin da na tara na shekara huɗu shi ne zai yi lefe, ya yi sadaki, ya kama gida. Ana cikin haka, ranar 29 ga Mayu, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da ba ta kai naira 200 a gidan mai ba ta haura 500 cikin kwanaki. Kuɗin adaidaita sahu ya tashi nan take. Neman gida kuwa yawo ne, kuma duk wanda zai raka ka, kai za ka biya masa mota.

Kafin in je wurin Baba na bi ta hannun samari uku da na samu a WhatsApp. Kowanne sai da ya karɓi kuɗin gani kafin mu taka ƙafa. Na farko ya turo mini bidiyon falo mai tayil fes, da muka je sai na tarar ɗakin baya ne ake bayarwa, falon na wani ɗan haya ne da ke ciki. Na biyu ya kai ni gidan da aka riga aka biya tun jiya. Na uku shi ya fi ba ni tsoro: gida ɗaya, dillalai huɗu a kansa, wannan ya ji daga wancan, babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin fuskar mai gidan, kuma kowa na jiran kasonsa daga aljihuna. Da na koma kasuwa na ba ubangidana labari, sai ya ce, "Bar yaran nan. Je ka Kabuga, ka ce ni na turo ka."

Abin da na fara lura da shi, Baba bai nuna mini gida ko ɗaya ba ranar farko, bai kuma karɓi sisina ba. Tambayoyi ya yi ta jero mini.

"Ango, nawa ne a hannunka? Ba wanda kake sa ran samu ba, wanda ke hannunka yau."

Na faɗa masa. Ya tambayi inda nake aiki, da ƙarfe nawa nake fita, da ko amarya tana karatu. Na ce tana ajin ƙarshe a kwalejin ilimi ta tarayya da ke nan Kabuga. Ya ce to kada in kuskura in bi araha in tafi can bayan Ɗanbare, abin da na rage a haya zan mayar wa masu adaidaita ninki, mutum biyu kullum, safe da yamma. Ya ɗauki biro ya lissafa mini a bayan wata tsohuwar takarda: kuɗin motata daga Rijiyar Zaki, ta Kabuga, Tal'udu, Mandawari, Ƙofar Mata har Kwari, zuwa da dawowa, kwana shida a mako, wata goma sha biyu. Sai ya ɗora a kan kuɗin haya ya ce, "Wannan shi ne kuɗin gidanka na gaskiya." Babu dillalin da ya taɓa yi mini wannan lissafin.

Gida uku ya kai ni cikin mako guda. Na farko a Ɗorayi, na so shi tun daga ƙofa, sabon fenti, ƙyauren ƙarfe, tsakar gida da sumunti. Baba bai shiga ɗakunan ba tukuna. Ya zagaya baya, ya kira ni, ya nuna mini wani layi mai duhu a jikin katanga, ya kai gwiwa, inda mai fenti bai taɓa ba. Ya ce, "Nan ruwan bara ya tsaya." Sannan ya nuna mini ƙofofin maƙwabta, kowacce an ɗaga mata dokin ƙofa da bulo biyu. Ya ce mai gidan abokin hulɗarsa ne, ya roƙe shi ya samo masa ɗan haya, amma ba zai sa amarya da sabuwar katifa da kujeru a gidan da watan Agusta zai shiga ba. La'adarsa ya bari a wurin muka fito. Tun daga ranar na saki jiki da shi.

Na biyu gidan yawa ne, 'yan haya shida, mita ɗaya, banɗaki biyu. Ya ce ya kawo ni ne don in gani da idona, kuɗinsa ya yi daidai da aljihuna, amma rigimar kuɗin wuta da layin wanka ba su ƙarewa a irinsa. Ba mu yi minti goma ba.

Na uku shi ne namu. Gida ne da aka raba biyu, kowane ɓangare da ƙofarsa: ɗaki biyu, falo, kicin, banɗaki, da ɗan tsakar gida da zai ɗauki igiyar shanya da murhun gawayi. A nan na ga yadda mai sana'a ke duba gida, kuma na roƙi duk mai neman haya ya kwaikwayi wannan. Ya ɗaga kai ya bi silin ɗaki-ɗaki yana neman tabon yoyo. Ya buɗe famfo, babu ruwa, ya ce in sani tun yanzu, layin nan ruwan famfo ba ya zuwa, da 'yan ga-ruwa za mu rayu, sai ya tsayar da wani mai kura a ƙofar gida ya tambaye shi nawa jarka da damina, nawa da bazara, kuma daga wace rijiyar burtsatse suke ɗebowa. Ya zuba bokitin ruwa a banɗaki ya tsaya ya ga yadda yake wucewa. Ya ƙwanƙwasa tayil da makulli yana sauraron wanda ya yi ƙwarya. Da muka gama ya hana ni cewa na karɓa.

"Ka dawo da daddare kai kaɗai, ka yi isha'i a masallacin layin. Ka ga su waye ke zama a bakin kwalbati. In an yi ruwa kuma ka sake zuwa, ko tsakar dare ne ka zo da sassafe. Maƙwabci ake fara nema kafin gida."

Allah Ya sa aka yi ruwa mai ƙarfi bayan kwana biyu. Na sammako, na tarar layin ya tsane, silin a bushe, sai indararo ɗaya da ke zuba a jikin bangon kicin. Ya sa aka gyara shi kafin in biya.

Akwai wani abu da ya yi wanda sai daga baya na gane nauyinsa. Gidan na gado ne. Mai shi ya rasu, ya bar mata da 'ya'ya, kuma da kuɗin hayar ake riƙe marayun. Baba bai yarda in ba shi kuɗin ya kai ba. Ya kai ni gaban Hajiya da kanta, ya sa aka kira babban ɗanta wanda magada suka wakilta, ya tambaye su a gabana ko akwai maganar sayar da gidan ko raba shi nan kusa. Suka ce babu. Na tura kuɗin kai tsaye asusun da suka bayar, naira 400,000 na shekara, aka rubuta mini rasit da sa hannun ɗan, mai unguwa ya san da zamana. Wani abokina a kasuwa wata huɗu kacal ya yi a gidan gado a wata unguwa, magada suka sayar, wanda ya karɓi kuɗinsa ashe ƙanin mamaci ne da ba shi da iko, har yau bai ga ragowar kuɗinsa ba. La'adar Baba kashi goma cikin ɗari ce, naira 40,000, ya faɗe ta tun ranar farko kuma ba ta ƙaru da ko kwabo ba. Kuɗin adaidaita na zirga-zirga ni na biya, wannan kuwa daidai ne.

Yanzu ga inda ya gaza, kuma ba ƙaramar gazawa ba ce.

Takardar yarjejeniyar da ya rubuta mana rabin shafi ce. Sunana, sunan wakilin magada, kuɗi, ranar shiga, ranar ƙarewa, shaidu biyu. Shi ke nan. Na ce, "Baba, ba za a sa maganar gyara ba? In wani abu ya lalace fa?" Ya ce, "Haba ango, Hajiya ba ta da matsala. Ni ne shaida." Na yi shiru don kunya, ga biki ya matso, ga 'yan jere na jiran makulli. Mutumin da ya ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya, ya auna tafiyar ruwa a banɗaki, shi ne ya bar abin da ya fi komai muhimmanci a kan fatar baki. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mutanenmu na ganin neman a rubuta kamar zargi ne, kuma Baba ɗan wannan tarbiyyar ne.

Wata na farko na sayi katin wuta na naira 5,000, na ga abin da ya shiga mita bai kai yadda nake tsammani ba. Na duba rasit ɗin da kyau, ashe ana cire wani kaso a kan tsohon bashi. 'Yan hayar baya sun bar bashin wuta tun lokacin da ake kawo takardar ƙiyasi, da aka sa mita mai kati sai aka ɗora bashin a kanta, duk sayen da na yi sai an zaftare. Baba ya ga mitar, har ya yaba mini ita a matsayin abin da gidan ya fi na biyu da shi, amma bai sa an duba ko tana da bashi ba. Da ya ce a sayi katin naira dubu ɗaya a gabanmu kafin in biya, da rasit ɗin ya tona komai. Na je na same shi. Bai yi musu ba, ya ce, "Wannan laifina ne, ban duba ba." Na ji daɗin amsar, amma amsa ba ta kunna fanka. Sai da aka yi zama biyu kafin Hajiya ta yarda a cire bashin daga hayar shekara mai zuwa, wato ni na fara biya na jira wata goma sha ɗaya.

A wata na biyar sokawe ya cika, ruwa ya fara dawowa banɗaki, amarya na fama da laulayin ciki. Ramin ɗaya ne da na ɗaya ɓangaren, kuma a fili yake ba mu muka cika shi cikin wata biyar ba. Wa zai biya motar kwasa? Takarda ba ta ce komai ba. A nan Baba ya yi abin yabo da abin da bai yi mini daɗi ba a rana ɗaya. Na kira shi bayan azahar, kafin la'asar yana ƙofar gida, la'adarsa kuwa ya cinye ta tun tuni, babu abin da zai samu. Dillalai da yawa in sun karɓi kasonsu ko waya ba sa ɗauka. Amma da aka zauna, sai na ga yana lallaɓa ɓangaren masu gida fiye da nawa. Ya yanke a raba uku, ni da maƙwabcina da magada, kowa kaso ɗaya. A ganina gyaran da ya shafi ginin gida na mai gida ne. Na biya saboda matata ba za ta iya jira ba. Na kuma fahimci abin da ya kamata duk ɗan haya ya sani game da dillali, ko da na kirki ne: ni na biya shi la'ada, amma Hajiya tana da wasu gidajen biyu a hannunsa, ni zan iya tashi gobe, ita tana nan. In magana ta zo tsaka-tsaki, ba sai an faɗa maka inda zai karkata ba.

Sai maganar ƙari. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, kuma masu gidaje a ko'ina suka riƙe wannan a matsayin hujja, har waɗanda ba su sa ko cokalin siminti a gidajensu ba. Saura mako biyar haya ta ƙare aka aiko mini cewa ta koma 600,000, in ba zan iya ba in ba su gida. Lokacin matata ba ta gama wankan jego ba. Na tuntuɓi wani lauya da muke sallah tare, ya bayyana mini cewa a dokokin haya da ake bi a yawancin jihohin Nijeriya, mai biyan shekara-shekara yana da haƙƙin notis na wata shida in yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adin daban ba, bayansa a ba shi na kwana bakwai, sannan a je kotu, kuma mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko kwance kwano ko watso kaya waje da kansa. Ban so a kai ga haka ba, marayu ne, kuma abinci ya yi musu tsada kamar yadda ya yi mini. Na faɗa wa Baba abin da lauya ya ce. Wannan karon ya tsaya mini. Ya je ya ce wa Hajiya a gabana, "Hajiya, yaron nan bai taɓa jinkirta miki ba, bai fasa miki ko gilashi ba. In ya tashi, fenti za ki yi, gida ya kwana wata biyu babu kowa, kuma ba ki san wanda zai zo ba." Aka tsaya a 500,000, aka cire bashin wuta a ciki. Bai nemi sabuwar la'ada a kan sabuntawa ba, abin da na ji wasu dillalan na yi duk shekara. Na kai masa turmin atamfa ya kai gida, da ƙyar ya karɓa.

A zaman nan ne na dage aka sake takarda. Lauyan ya rubuta mana shafi biyu da Hausa, kowa ya karanta ya gane: rufi, sokawe, wayarin na cikin bango da katanga na masu gida ne, ƙwan fitila, kan famfo, makulli da abin da muka lalata da hannunmu namu ne, duk ƙarin kuɗi a sanar wata uku kafin haya ta ƙare, an rubuta lambar mita da cewa ba ta da bashi daga ranar. Baba ya sa hannu a matsayin shaida, ya kuma nemi kwafi ya ajiye. Daga baya na ga yana amfani da ita ga wasu, ya goge sunayenmu ya yi hoto da yawa. Wannan ya ƙara masa daraja a idona, dattijo ya karɓi gyara daga ɗan cikinsa.

Abu na ƙarshe da zan faɗa ya fi sauran ci mini rai, ko da yake ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Bara na kai masa 'yar yayar mahaifiyata, ma'aikaciyar jinya ce, aurenta ya mutu, tana da yara biyu, albashinta na shiga duk wata, kuɗin shekara a hannunta cif. Baba ya karɓe ta da mutunci, amma ya faɗa mata gaskiya tun daga farko: masu gidaje da yawa sun gindaya masa sharaɗi, ba gwauro, ba mace mara miji. Gida huɗu aka hana ta, ba don komai ba sai don babu namiji a bayanta, ga aikin dare da wasu ke yi wa mummunar fassara. Sai da yayanta ya zo daga Bichi aka rubuta takarda da sunansa kafin a ba ta ciki da falo a Janbulo. Matar da ke kwana a kan marasa lafiyarmu ba ta isa ta sa hannu a kan ɗakin da za ta kwana ba. Baba ya yi ta yawo da ita mako uku bai gaji ba, na yaba masa. Amma na so a ce ya yi wa masu gidajen magana irin wadda ya yi wa Hajiya a kaina, domin suna jin maganarsa. Da na faɗa masa haka sai ya ce, "Ango, gidansu ne." Ban gamsu ba, har yanzu kuma ban gamsu ba.

Wanda ke neman falat na alfarma a Nassarawa ko gida mai bene, ba wurinsa ba ne, hannunsa bai wuce Kabuga, Ɗorayi, Janbulo, Tudun Yola da Rijiyar Zaki ba, kuma ba ya turo hoto ko bidiyo, wayarsa ma mai madannai ce. Sai ka je da ƙafarka, ka same shi tsakanin hantsi da azahar, bayan la'asar yana yawon gidaje. Ba ya sauri. In kana da kwana uku kacal, zai ce maka ka nemi wani. Amma ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai ƙaramin ƙarfi, musamman mai shirin ajiye iyali, ni dai shi zan nuna masa, na kuma riga na tura mutum uku. Kowanne na ce masa ya sayi katin wuta a mitar gidan ya karanta rasit kafin ya biya haya, ya kuma ce Baba ya ɗauko takardar nan mai shafi biyu daga cikin durowa, kada ya yarda da mai rabin shafi.

A watan Yulin bana hayarmu ta koma 550,000, an sanar da ni tun watan Afrilu kamar yadda aka rubuta. Da damina silin ɗakin baya ya fara ɗiga, na kira babban ɗan Hajiya, bayan kwana biyu ya turo kafinta ya canja fallen kwano ɗaya, ba a tambaye ni ko naira ba.